Kogin da Aka Haƙa da Hannu

A Goole, bayan tashar jiragen ruwa,
akwai wani kogi da bai iya lanƙwasa ba.
Miƙaƙƙe, kamar magini ya ja masa igiya,
ruwansa launin kunun kanwa.
Kogin Mutanen Holan suke ce masa,
shi kuwa ko a mafarki bai ga Holan ba.

Na tambayi tsoho Wilf dalili
ranar da nake yanke masa farce.
Tamanin da tara, kunne guda ya yi murabus.
Ya ce: baƙi ne suka ƙetaro teku da shebur,
suka kori ruwa daga fadama don a samu gona.
Ruwa ya rasa wurin kwana,
ya shiga ɗakunan talakawa.
Da ƙara ta yi ƙara, aka haƙa masa wannan hanya.
Shekara ɗari huɗu saura kaɗan, in ji shi,
har yau bai huce ba.

Ni da na tashi a gaɓar Haɗeja,
na san kogi da damina, na san shi da rani,
shekara guda, cika guda.
Wannan sau biyu a kwana yake cika ya janye.
Teku ke turo shi ta bakin Ouse,
da hantsi ka ga ruwa yana komawa inda ya fito,
kamar wanda ya manta makulli.
Da la'asar sai laka tsirara
tana sheƙi kamar bayan tarwaɗa,
ga keken wani a ciki tun bara.

Ba mai wanka, ba mai wanki,
ba saniyar da ta sa baki,
ba yaron da ke alkafura daga kan gada.
Na ce, to amfaninsa me?

Ya ce, tura ni.

Na lulluɓe masa gwiwoyi da bargo,
na tura kujerarsa muka hau ganuwar ƙasa,
iska na yankan kunne, ina haki.
Sai a can na gani:
kogi a sama, gonaki a ƙasa,
shimfiɗe kamar tabarma har ƙarshen ido,
alkama, dankali, da dogayen fankokin lantarki
suna juya hannu ba gajiya.

Ya nuna da haɓa.
Kakana ƙofar ruwa yake buɗewa da gangan,
ya bar shi ya shiga, ya kwanta, ya sauke kayansa,
ya fita fes, laka ta zauna.
Yau kaurin takarda, gobe kaurin takarda,
shekara uku ta kai ƙugu.
Duk dankalin da na ci har na girma,
wannan ƙazantar ce uwarsa.

Na yi shiru.
Kawu Barmo ne ya faɗo mini,
wando a naɗe, irin albasa a ƙoƙo,
yana bin sawun ambaliya taki-taki
kamar mai bin bashi.

Yanzu Wilf ya saki sunana.
Jiya ya tambayi 'yarsa Glenys ko ita ce mai kawo wasiƙa.
Amma ko labule a sake,
cokali na hanyar baki, sai ya ɗaga yatsa:
ya juya.
In duba agogo, in duba jadawalin jarida,
da wuya ya kuskure da minti goma.

Lakar da ta maƙale a ƙafar kujerarsa ran nan,
da bayan cokali na kankare ta.
Ban zubar ba.
Na zuba a gwangwanin madara,
na tura ƙwayar attarugu uku da Inna ta ƙunso mini,
na ajiye a taga, gefen maganinsa.

Ganye biyu ya fitar shekaranjiya.
Wilf ya daɗe yana dubansa,
ya ce ciyawa ce, a cire.
Na ce a bar ta tukuna.